Yaya ake cire wasannin da ke zuwa da Windows daga kwamfutocin ofis?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ni nake kula da kwamfutocin wani ƙaramin ofis, kuma dukkansu Windows 10 Pro ko Windows 11 Pro ne a kansu. Shugaban ofishin ya umarce ni da in kawar da wasanni, bayan ya tarar da wasan karta na Solitaire a buɗe a teburin karɓar baƙi alhali mutane suna tsaye suna jira. Na bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya na cire shi, amma duk sa'ad da aka buɗe wa sabon ma'aikaci asusu sai wasan ya sake bayyana. Don Allah, akwai hanyar raba su da shi baki ɗaya?

Amsa ta farko:
Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka goge kwafin asusu guda ne kawai. Tun daga Windows 10, wanda ya fito a 2015, tsarin yana ajiye ainihin manhajar a gefe, daga can yake ɗora wa duk wanda ya shiga karon farko. Saboda haka aikin hawa biyu ne. Ka buɗe PowerShell, wato manhajar rubuta wa Windows umarni, da ikon mai gudanarwa, ka nemo kunshin da ake kira MicrosoftSolitaireCollection, ka cire shi daga dukkan asusun da ke akwai da umarnin Remove-AppxPackage, sannan ka tumɓuke tushen da Remove-AppxProvisionedPackage. Umarni na biyun ne ke hana shi dawowa wa sababbin ma'aikata. Ka fara gwadawa a kwamfuta ɗaya, kuma ka rubuta sunan kunshin daidai, domin a jeri ɗaya yake da manhajar lissafi da ta duba hotuna, waɗanda ma'aikata ke bukata kullum.

Amsa ta biyu:
Bayanin Malam daidai ne, sai dai ƙofa biyu sun rage a buɗe. Ma'aikaci na iya sake sauke wasan daga Microsoft Store ba tare da ikon mai gudanarwa ba, kuma dokar Group Policy (wurin da mai gudanarwa ke kafa wa kwamfutoci dokoki) da ke kulle shagon tana aiki ne a nau'in Windows na Enterprise da Education, ba ta aiki a Pro. A nan AppLocker, wato kayan aikin Windows na kulle manhajoji, zai fi yi maka amfani, tunda da shi za ka hana manhajar tashi ko da an sauke ta. Ɗaya ƙofar ita ce manhajar shiga intanet: Chrome na da wasan dabbar da ke tsalle idan intanet ta yanke, Edge kuma na da na hawan igiyar ruwa. Ana kashe su da dokokin AllowDinosaurEasterEgg da AllowSurfGame.

Amsa ta uku:
Wannan takaddama ta daɗe. A 1990 aka sa Solitaire cikin Windows 3.0 domin mutane su saba da jan abu da linzamin kwamfuta, kuma a 2006 magajin garin New York, Michael Bloomberg, ya sallami wani ma'aikaci saboda ya ga wasan a allonsa. A ganina wannan hukunci ya yi tsauri matuƙa. Ina goyon bayan a tsabtace kwamfutar da baƙi ke gani, amma ka roƙi shugabanka ya fitar da sanarwa a rubuce kafin ka taɓa sauran, ya fayyace abin da aka hana da abin da aka yarda a yi lokacin hutu. In ba haka ba, kai ma'aikata za su ɗora wa laifi, kuma wanda ya saba barin baƙo a tsaye zai ci gaba da wasansa a waya.