Zaman banzan lokacin korona ne ya ƙara mana rashin tsaro? Muhawarar ƴan Tawa

Malamin lakwal: Assalamu alaikum jama'a. Jiya a fada wani ya dage cewa korona ce ta hura wutar rashin tsaro a ƙasashe irin namu, don ta raba matasa da sana'arsu. Ni ban yarda ba. Harin Inates a Disamban 2019 aka kai shi, muka rasa sojoji 71. Na Shinagodar a Janairun 2020, sojoji 89. Mai korona na farko a Nijar kuwa sai ranar 19 ga Maris aka same shi. Ta yaya ɗa zai girmi ubansa?

Tsohon ɗan ci-rani: Wa'alaikumus salam Malam. Ba wanda ya ce korona ta haifi masu bindiga. Amma kai albashinka bai tsaya ba. Yankinmu na Adar da kuɗin bida, wato ci-rani, yake rayuwa, daga Abijan, Libiya, Aljeriya, Legas. Ina Abijan aka rufe iyakoki, ciniki ya mutu, wata biyar ban aiko gida da ko dala ba. Tsohuwata ta sayar da akuyarta ta sayi hatsi. A ƙauyenmu a shekarar ne aka fara kwana da tumaki cikin ɗaki saboda ɓarayi.

Hajiya mai abincin tasha: Gaskiyarka Alhaji. Da aka killace Yamai, motoci suka daina zuwa, tasha ta yi tsit. Tukunyar da nake girka tiya goma ta koma tiya biyu, su ma sai ta kwana. Yara biyu ke yi mini wanke-wanke, ina ba kowa ɗari biyar da abinci. Na kira su na ce su yi haƙuri. Ƙaramin ya tsaya riƙe da soso yana kallona, bai ce uffan ba. Bayan wata uku na ji an kama shi da babur ɗin sata. Yaron da nake bar wa lalitata in tafi salla, Malam.

Ɗaliba a Yamai: Baba Malam, a yi mini afuwa in sa baki. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce lokutan aikin da aka rasa a 2020 sun kai kwatankwacin ayyuka miliyan 255. A Turai gwamnatoci sun riƙe wa ma'aikata wani kaso na albashi. Mu nan yawanci sai an fita ake ci. Ina unguwar Lazare ta Yamai a Afrilun 2020 lokacin da matasa suka ƙona tayoyi a titi.

Malamin lakwal: Ƴata, wancan ai rufe masallatai ne ya jawo shi, ana dab da azumi.

Ɗaliba a Yamai: Har da dokar hana fita daga ƙarfe bakwai na yamma, Baba. Mai shayi da mai tsire da dare suke samun na cefane. Na san wasu daga cikin waɗanda suka fito, cikinsu ne ya fito da su.

Malamin lakwal: Na yarda da batun sata da fushi, Allah ya kiyaye. Abin da nake gudu shi ne a shafa wa talaka kashin kaji. Dubban yaranmu sun rasa aiki, suka koma gona da gandari, ba su taɓa ko wuƙa ba. Waɗanda suka kashe mutum 137 a ƙauyukan Tiliya a Maris 2021 ba korarrun ƴan wanke-wanke ba ne. Wannan wuta tushenta makaman da suka bazu bayan rushewar Libiya a 2011 da rikicin Mali. Kuma ku tambayi ƴan Ƙonni: tun Agustan 2019 Nijeriya ta rufe iyakarta, kasuwarsu ta durƙushe kafin a ji sunan korona.

Tsohon ɗan ci-rani: Wutar tana nan tun da, ban musa ba. Amma mai neman yaran da za su kai masa mai da labari a daji, wurin wa zai je in ba wurin wanda ya kwana biyu bai ci ba?

Hajiya mai abincin tasha: Ni dai ban san na daji ba. An sako yaron nan bara, ya zo ya gaishe ni, na mayar da shi aikinsa. Har yau in an zo biyan kuɗi matsawa yake gefe, ba ya son hannunsa ya taɓa lalitar.