Muhawara: Shin yaƙin basasar Amurka ne ya haifi kiɗan Soldier's Joy?

Nasiru: Salamu alaikum 'yan uwa. Kiɗan rawar nan na gogen Turawa, Soldier's Joy, wato murnar soja, an ce a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 aka ƙirƙiro shi, kuma mofin, maganin kashe zafin ciwo da ake ɗirka wa sojojin da suka ji rauni, shi ne "murnar". Ni dai na yarda. Ku saurari faifan da Gid Tanner da ƙungiyarsa ta Skillet Lickers suka yi a 1929, ƙarara suka ambaci kuɗin mofin da na giya.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Nasiru, lissafin shekaru kaɗai ya isa ya rushe wannan magana. Joshua Campbell ya buga kiɗan a kundinsa a Gilasgo wajen 1778, Alexander McGlashan ma ya buga shi a Edinbura wajen 1781, duka a ƙasar Sikotland. Shi kuwa mofin sai wajen 1804 Friedrich Sertürner, wani Bajamushe mai haɗa magunguna, ya fara tace shi daga ofiyom. Ta yaya za a raɗa wa kiɗa sunan maganin da ba a ma gano ba tukuna?

Hajiya Rabi: Ƙari a kan na Malam. A 1785 Robert Burns, marubucin waƙoƙi ɗan Sikotland, ya rubuta The Jolly Beggars. A ciki akwai tsohon soja da ya bar hannu da ƙafa a fagen fama, yana rera waƙarsa a gidan shaye-shaye tsakiyar mabarata. Burns bai rubuta yadda za a kaɗa ba, sunan kiɗan, Soldier's Joy, kawai ya ɗora a saman waƙar. Ba a yin haka sai da abin da kowa ya riga ya sani.

Nasiru: Hajiya, ai suna kan zo ɗaya. Wa ya tabbatar kiɗan Campbell shi ne wanda ake kaɗawa a Amurka?

Malam Habu: Ba suna kawai suka buga ba, ƙanina. Da alamomin kiɗa suka rubuta shi, layi-layi. Ka miƙa wa mai goge takardar yau, zai fitar maka da gaɓa biyun nan da ake maimaita kowace sau biyu, kunnenka zai shaida. Kiɗan 'yan Sikotland ne, masu ƙaura suka tsallaka da shi Amurka.

Sadiya: Malam, a nan kam ban bi ka ba. Ranar da aka buga abu ba ita ce ranar haihuwarsa ba. Masu buga kundayen raye-raye na wancan zamani kwasar na juna suke yi, daga Landan zuwa Edinbura, ba mai faɗin inda ya samo. A Ingila an san wannan kiɗa da sunan The King's Head, kuma har Norway da Sweden da Finland ana kaɗa shi a matsayin na gida. Kamar kiɗan gogenmu ne: wanda ya fara naɗar sa a kaset ba shi ya ƙage shi ba.

Malam Habu: Wannan gaskiya ce, Sadiya, na janye batun Sikotland. Amma takarda ta ba mu iyaka: kiɗan ya girmi yaƙin nan da fiye da shekara 80.

Nasiru: To baitin mofin fa? Daga sama ya faɗo?

Hajiya Rabi: Daga baya aka liƙa shi. Kiɗan rawa ne, kowane mai goge yana jefa baitin da ya yi daidai da zamaninsa. Gaskiya ne an yi amfani da mofin sosai a yaƙin, sojoji da dama sun kamu da jarabarsa, kuma a Amurka ana sayar da shi a kanti ba takardar likita har aka yi dokar Harrison a 1914. Baitin tarihin mutanen kudancin Amurka ne, ba asalin kiɗan ba. Dubi littafin Thomas Hardy na 1874, Far from the Madding Crowd: a bikin girbi a ƙauyen Ingila aka kaɗa shi saboda mijin uwargidan gonar, Saje Troy, tsohon soja ne. Ba maganar magani ko kaɗan.

Nasiru: Na karɓi shekarun. Amma ni har yanzu ina nan kan cewa wanda ya rera wancan baiti a 1929, ba rawar girbi yake nufi da murnar soja ba.