Ƙidayar agwagin ruwa a hunturu: lissafina ba ya fitowa daidai, ina neman shawara

Uwar Zalɓe ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wannan ne hunturuna na biyu ina zuwa wani ɗan ƙaramin gandun tsuntsaye, tafki ɗaya ne da kacala ta zagaye rabinsa, sai laka a gefen gabas da rumfar leƙe guda ta katako. Duk Asabar nake zuwa da madubin hangen nesa da ɗan littafina, in rubuta abin da na gani.

Ga abin da ya dame ni. Asabar ɗin da ta wuce na isa rana ba ta gama fitowa ba, sanyi har yatsuna ba sa iya riƙe biro sosai. Agwagin nan masu dogon bindi kamar allura, waɗanda namijinsu ke da farin ƙirji da farin zane da ya hau wuyansa, sun cika tsakiyar ruwan. Na ƙirga na samu 143. Na sake, na samu 170. Ina cikin na uku sai ga shahon fadama ya biyo saman kacala ƙasa-ƙasa, fikafikansa a ɗage, duk suka tashi fir. Da suka dawo rabi suka faɗa bayan kacala inda ido ba ya kaiwa. Na zauna da littafi a cinya ban san me zan rubuta ba.

Kuma akwai ranakun da nake zuwa in tarar ba komai sai zalɓe ɗaya a tsaye kamar an dasa shi. Irin waɗannan ranakun ba na rubuta komai, don ina ganin ɓata takarda ne. To tambayata biyu ce: wane adadi ake rubutawa in ƙirga ta saɓa? Sannan rubutun mutum ɗaya a ɗan tafki irin wannan yana da wani amfani ga kowa kuwa? Ina son wurin nan ƙwarai, ba na so in yi shekaru ina tara abin da ba zai amfane shi ba.

Dattijon Bakin Tafki ya amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Bari in fara da ranakun da kika ce ba kya rubutawa, don nan ne kuskuren yake. Ki koma ki rubuta su duka in kina iya tuna kwanakin. Ranar da kika je kika zauna awa guda ba ki ga agwagwa ko ɗaya ba, wannan sifilin shaida ne. Wanda zai buɗe littafinki bayan shekara goma ba zai iya bambance ranar da tsuntsaye ba su zo ba da ranar da ke ce ba ki zo ba, sai in kin rubuta. In ranakun cika kaɗai kike ajiyewa, littafin zai nuna tafkin kullum a cike yake, ko da kuwa yana mutuwa a hankali.

Batun 143 da 170 kuwa, kada ya hana ki barci. Babu mai ƙirga garken agwagi a kan ruwa ya samu adadi ɗaya sau biyu, suna nutsa kai, suna shiga bayan juna. Ni yadda nake yi, in sun haura ɗari ba na bin su ɗaya-ɗaya. Ina ƙirga goma a tsanake, in riƙe girman wannan gungun a idona, sannan in bi garken daga hagu zuwa dama ina auna shi goma-goma. In yi sau uku, in ɗauki na tsakiya, in rubuta a gefe cewa kiyasi ne. Abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne ki riƙa yi iri ɗaya kowane mako: wuri ɗaya, lokaci ɗaya, tsawon zama ɗaya. Kuma ki ɗan jinkirta. Irin agwagin nan da yawa da dare suke kiwo a wasu wurare, da safe su dawo tafki su huta, don haka in kin fara da duku-duku wasu na kan hanya tukuna. Wataƙila ma shi ya sa na biyun ya fi na farko yawa.

Ki ƙara layi ɗaya a kowane shafi: inda ruwa ya kai. Ki zaɓi wani turke ko dutse ki riƙa duba shi. Yawancin hawa da saukar adadin tsuntsaye a ƙaramin wuri, ruwan ne ke jawo shi.

Mai Littafin Laka ya amsa:

Baba ya gama magana a kan ƙirga, ni tambaya ta biyu zan taɓa. Yaya, akwai ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya da ake yi kowace shekara a tsakiyar Janairu tun 1967, ƙungiyar Wetlands International ce ke haɗa sakamakon. An zaɓi Janairu ne saboda a lokacin masu ƙaura sun fi zama wuri ɗaya, ba a cika ƙirga tsuntsu ɗaya sau biyu a ƙasashe biyu ba. Yawancin masu yin ta 'yan sa kai ne irinki. Da waɗannan alƙaluma ake sanin yawan kowane jinsi, kuma da su ake auna dausayin da ya cancanci shiga yarjejeniyar Ramsar ta 1971, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya ta kare dausayi: wanda ke ɗaukar tsuntsayen ruwa 20,000 a kai a kai, ko kashi 1 cikin 100 na wani jinsi. Tafkinki ba zai kai haka ba, amma ba a san kashi ɗayan ba sai an haɗa ƙananan wurare da manya.

Ki kai wa masu kula da gandun kwafin littafinki, sannan ki sa a eBird, shafin intanet da masu kallon tsuntsaye ke saka abin da suka gani. A can akwai inda za a tambaye ki ko duk abin da kika gane kika rubuta. In kin amsa e, sifilin da Baba yake faɗa ya shiga lissafi da kansa.

Inda na ɗan saɓa da Baba: in shaho ya tashe su, ni hoto nake ɗauka suna sama, in ƙirga a gida. A nan ne na ɓoye cikin kacala suke fitowa. Amma kada mutum ya tashe su da gangan, don a sanyi kowane tashi ƙarfi ne suke ƙonawa.

Uwar Zalɓe ta sake rubutawa:

Na gode Baba, na gode ƙanena, Allah ya saka da alheri. Jiya da dare na zauna na cike ranakun da na tsallake, guda 6 na iya tunawa, kuma 4 daga ciki a makonnin da ruwa ya ja baya ne har laka ta tsattsage. Ban taɓa haɗa biyun ba sai yanzu.

Yau na koma, na bari sai da rana ta yi awa guda da fitowa. Na samu 160, 150, 170, na rubuta 160. Na kuma sa alama a ƙafar rumfar ta uku don auna ruwa. A hanyar fita na ga sawu a laka kusa da magudanar, yatsu biyar, da ɗan kashi a kan dutse cike da ɓawon kifi da ƙananan ƙayoyi. Ina zaton karen ruwa ne. Na ajiye biro a gefen sawun don a ga girmansa, na ɗauki hoto. Shi ma a shafin tsuntsayen zan sa shi, ko in buɗe masa nasa daban?