Musayar waƙa: shari'ar Chiarelli, tsohon manajan Oilers

Baban Hanifa:
To jama'a ga fili. Maganar Peter Chiarelli ce, janar manajan Edmonton Oilers, kulob ɗin hokin ƙanƙara na Kanada a lig ɗin NHL, daga Afrilun 2015 har Janairun 2019 da aka sallame shi, kullum in aka tado ta sai ihu ba mai jin wani, to yau a baiti za mu yi ta, mai tuhuma ya kawo hujja mai karewa ma ya kawo tasa. Sharaɗi biyu ne, ban da zagi, kuma duk lambar da ka kawo ta zama ta gaskiya. Ni na fara.

Bismillahi da shi zan fara,
Zancen hokin bisa ƙanƙara,
Edmonton ce ta yi asara,
Ranar da aka ba shi kujera.

Ya iso ya tarar da rabo kwance,
Ƙuri'ar ɗaukar McDavid tuni an dace,
Draisaitl na nan, Hall na nan, ka ce
Kofi ya kusa, kaɗan ya yi saura.

A Yunin 2016 ya tashi,
Ya ɗau Taylor Hall ya miƙa shi,
New Jersey ta ce maraba da shi,
Larsson tak muka samu, ba gyara.

Hall na ɗaya a zaɓen matasan 2010 ne,
Gudu da sanda duk nasa ne,
A 2018 gwarzon lig shi ne,
Maki 93 ya tara.

Kambun Hart ya ɗaga can nesa,
Mu ko filayof (zagayen neman kofi) ba mu je ko kusa,
Mai kare shi ya fito ya amsa,
Ina nan zaune ina saurara.

Anti Bilki:
Baban Hanifa ka iya jera baiti kam, amma ka tsallake rabin zancen da gangan. Bari in tuna maka inda kuke kafin ya zo.

Baban Hanifa sannu da ƙoƙari,
Amma ka yanke rabin labari,
Kafin mutumin ya shigo gari,
Wa ke tsoronku a duniya?

Shekara 9 cur kuna waje,
Filayof ko ƙofa ba wanda ya je,
'Yan gaba fal, baya a wargaje,
Raga a buɗe dare da safiya.

Talbot gola ya kawo, ba ka faɗa ba,
Wasa 73 bai huta ba,
Nasara 42, ba ƙarya ba,
Kaka guda fa, haka ya tsaya.

Maroon ya samo da araha ƙwarai,
Ci 27, ka duba da kyau dai,
Larsson ya toshe gefen dama sarai,
Maki 103, ba tatsuniya.

Kun kori San Jose a wasa na 6,
Gari ya cika da ihu da kiɗa,
Anaheim a na 7 ta maido ku gida,
Ranar wa ya ce ya kauce hanya?

Wannan duk a 2017 ne fa, kakar farko bayan tafiyar Hall ɗin da kake kuka a kai. Shekara shida Hall ya yi a garin bai taɓa taka filayof ba ko sau ɗaya, ba na ce laifinsa ba ne amma dai a rubuta.

Ɗan Calgary:
Hhhhh ni ɗan Flames ne, kulob ɗin Calgary, kallo ya kawo ni, rigimar gidanku daɗi take min wallahi, amma Anti akwai sunan da kika ɓoye a ƙarƙashin tabarma.

Anti Bilki bar ni in ɗan taɓa,
Akwai sunan da ba ki kira ba.

Kwana 2 da fitar Hall, ba a jima ba,
Lucic ya sa hannu, ba ku manta ba.

Dala miliyan 42 ba wasa ba,
Shekara 7, ba a rage ko ɗaya ba.

Da sharaɗin in dai bai yarda ba,
Ba mai tura shi inda bai so ba.

Kakar farko ci 23, ban musa ba,
Ta biyu 10, ta uku 6, bai ƙara ba.

Lig na ta gudu shi bai motsa ba,
McDavid ya wuce, bai ko gan shi ba.

Sadiq_97:
Yaya wallahi ban so in sa baki ba manya na magana amma kai ka jawo.

Yaya na Calgary a hankali dai,
Dariyar nan ta yi yawa kai,
A 2019 wa ya miƙa kai
Ya karɓi Lucic? Ai kulob ɗinku.

Kuka ba mu James Neal muka karɓa,
Nauyi da nauyi, ba mai cin riba,
To zauna, filin nan ba naka ba,
Mu yi kukanmu, ku je ku yi naku.

Ni kuma abin da ya fi ci min rai ba ma Hall ba ne, cinikin Griffin Reinhart ne a zaɓen matasa na 2015, wata biyu kacal da kama aikinsa, shekarar da kowa ya san yara masu kyau sun yi yawa har ƙasa.

Gurbi 2 ya kwasa ya bayar,
Na 16 da na 33 ya sayar,
Reinhart ya karɓo, ɗan baya mai wuyar
Juyi a ƙanƙara, shaida idonku.

Wasa 29 ya buga a kaka,
Vegas ta ɗauke shi ba mai kuka,
Da na 16 Barzal aka ɗauka,
Calder, maki 85, ku riƙe kanku.

Ku ƙaddara Barzal, mai Calder, kambun gwarzon sabbin yara, a layi na biyu bayan McDavid, kuma a kan albashin sabon yaro na shekara uku, kai ni in na tuna sai in ji abinci ya fita raina.

Kawu Garba:
Sannunku 'ya'yana. Sadiq baitinka na uku ya ɗan ɗingisa amma na yafe don hujjar ta yi. Ni ba cinikin ɗaya bayan ɗaya zan bi ba, halin mutumin nake so ku duba, don abu ɗaya ne yake ta maimaituwa.

Ku saurara yara ga tawa fahimta,
Ciwon kulob ya gano, bai ɓata,
Baya ba ƙarfi, dama ba mai tsare ta,
Ganin nan nasa ba na musanta,
Wajen biya ne kullum ya faɗi.

Ya shiga kasuwa buƙata a goshi,
Duk manajan lig ya karance shi,
Kowa ya ɗaga farashi ya jira shi,
Shi ko haƙuri ba ya zama da shi,
Ko tayi ba ya yi, sai zube kuɗi.

Eberle ya yi filayof bai ci ba,
Wasa 13 raga ba ta motsa ba,
Wata 2 ma ba su cika ba,
Ya ba da shi kan Strome, bai duba ba
Shekarun da yaron ya jiyar da mu daɗi.

Strome ya yi shekara da 'yan watanni,
Ya sake musanya shi da wani,
Spooner, Bakersfield (ƙaramar lig) ya ƙare kun gani,
Strome a Rangers maki 59, ka ji ni,
Eberle ya koma haka, ina nishaɗi?

A Boston ma an ga irin halin nan,
Seguin ɗan shekara 21 a sannan,
Ya tura shi Dallas a 2013 ɗin nan,
Kakar farko ci 37 ya zuba can,
Edmonton ce ta ƙi jin gargaɗi.

Ku lura, kullum sai ɗan wasa ya yi mummunan wata ko biyu sannan ya fitar da shi, lokacin da darajarsa ta fi faɗuwa kenan, kuma kullum mai ci yake bayarwa ya karɓi mai jiki. Larsson ɗan baya ne nagari ba mai musu, ya yi shekara biyar yana aikinsa tsakani da Allah kafin ya tafi Seattle, amma Hall ya fi ƙarfin a ba da shi ɗaya da ɗaya. Da an haɗo da gurbin zaɓe ko wani matashi da yau ba mu zauna wannan zaman ba.

Anti Bilki:
Kawu na yarda da rabi. Amma ku riƙa tuna akwai iyakar albashi, a kakar 2017-18 dala miliyan 75 ce ga kulob kaf, Eberle shi kaɗai yana cin miliyan 6 ga kuma kwantiragin manyan yara biyu, McDavid da Draisaitl, na tafe, dole wani ya fita. Sadiq ƙanena kai ma wa ya ce maka da gurbin na hannunsu Barzal za su ɗauka, ai bayan an gama wasa kowa koci ne.

Kawu na ji kuma na rusuna,
Amma ga guda da za ku tuna,
Agustan 2017 da idona
Na ga ana sukarsa kan yaro ɗaya.

Shekara 8 ya ɗaure Bajamushe,
Miliyan 8.5 duk kaka har ƙarshe,
Aka ce ya yi tsada, tun yaushe
Draisaitl ya kai wannan dukiya?

Yaron ya zuba ci 50 a kaka,
2020 kambun Hart ya ɗauka,
Maki 110, kasuwa na ta hauka,
Albashinsa na nan wuri ɗaya.

McDavid ma shi ya sa ya zauna,
Miliyan 100, shekara 8, ku auna,
Fainal 2 da kuka je kuna murna,
Da yaran nan biyu kuka tsaya.

2024 da 2025 nake nufi, Florida ta hana ku duka biyun amma zuwan ma da kwantiragin da ya rubuta aka je. Sannan mutumin nan yana da kofin Stanley na 2011 da Boston, kuma Seguin ɗin da Kawu ke magana ai shi ya samo shi tun farko, daga gurbin da Toronto ta bayar a cinikin Phil Kessel na 2009, har da Dougie Hamilton a ciki. Ni 6 cikin 10 na ba shi.

Baban Hanifa:
Shida?? Anti ki ji tsoron Allah. Draisaitl na ba ki ba gardama, wannan aiki ne mai kyau. McDavid kuwa ko ni aka miƙa wa biro zan sa hannu, ba basira a ciki. Ga watansa na ƙarshe.

Na ba ki Draisaitl ban ja ba,
Amma ba ki kai ƙarshen zance ba,
Disambar 2018 ba mu manta ba,
Manning ya kawo, wa ya ba shi shawara?

Da shi McDavid suka taɓa faɗuwa tare,
Ƙashin kafaɗa ya karye, ya tsare
Gida wasa 37 a jere,
Shi aka kawo masa, ba kara.

Caggiula aka bayar don a same shi,
Sai ga Koskinen gola an ɗaure shi,
Shekara 3, miliyan 13.5 an ba shi,
Alhali a garin yanzu ya fara.

Sa hannun nan bai kwana biyu ba,
Detroit ta zo ba mu ci ta ba,
Aka sallame shi, ba mu yi kuka ba,
Kwantiragin ne ya yi mana saura.

Koskinen ko wasa 30 bai buga mana ba lokacin, shekarunsa 30, daga lig ɗin Rasha ya dawo, ba wanda ke rige-rigen ƙwace shi a watan Janairu, to gaggawar me ake? Kafin nan ya riga ya kori koci Todd McLellan a Nuwamba ya kawo Ken Hitchcock, duk bai hana ba. Shekara huɗun farko na McDavid, filayof sau ɗaya. Ni 2 na ba shi, ɗaya na Draisaitl ɗaya na Talbot.

Kawu Garba:
Maganar Koskinen ɗin nan ni ba shi kaɗai nake kallo ba. Bob Nicholson ne shugaban kamfanin a lokacin, shi ya kawo shi kuma shi ya fito ya sanar da korarsa.

Wanda za a kora gobe da dare,
Wa ya bar masa biro a zare?
Na samansa suna zaune a jere,
Ba wanda ya tashi ya ce a tare,
Rabonsu a laifin nan da faɗi.

Ni 4 na ba shi, kuma Bilki ba don kofin Boston ba, wancan na Boston ne su ba shi makinsu.

Ɗan Calgary:
2 da 6 da 4, to ya faɗi jarrabawa kenan, Allah ya ƙara muku irinsa. Saura Ken Holland, manajan da ya zo bayansa.

Holland ma bai tsira ba,
Jack Campbell ba ku manta ba.

Shekara 5, miliyan 25 ba wasa ba,
Shi ma Bakersfield bai tsallake ba.

Sadiq_97:
A'a Yaya, layi ake bi. Holland ai ya kawo Hyman da Ekholm, nasa zaman daban za a yi. Mako mai zuwa na Brad Treliving ne, tsohon manajan Flames, kuma kai za ka kare shi.

Tkachuk kuka miƙa wa Florida,
Kofi 2 ya kai musu gida,
Huberdeau daga 115 ya sauko da
Maki 55, miliyan 84 na wuyanku.

Ka zo da baiti biyar aƙalla, kuma Kawu ne alƙali, ban yarda da Anti Bilki ba ta cika tausayin manajoji.