Neman kalmar Hausa: ciwon da ke hana yarinya cin tuwo alhali tana jin yunwa

Jama'a, ku taya ni neman kalma. Ina koyarwa a makarantar 'yan mata a wani ƙauye gefen Ringim, ranar Asabar akwai taron iyaye, kuma ina so in yi musu bayanin abin da likitoci ke kira anoreksiya. Na rasa sunansa da Hausa.

Ga abin da ya jawo. 'Yar yayana, shekararta 15, Allah ya yi ta mai jiki. Tun tana firamare ake ce mata lukuta, buhun gero. Ko a gida in ta nemi ƙari sai wani ya ce, "Za ki ƙarar mana da rumbu." A yi dariya. Bayan babbar sallar bara sai ta fara tura wa ƙannenta tuwonta. Ni da idona na gan ta a bayan ɗaki tana juye wa akuya furarta. Gashi ya fara bin mataji, al'ada ta ɗauke, ana tsakiyar bazara ita tana lulluɓe da zane biyu. Kakarta ta ce shawara ce, aka jiƙa sassaƙe. Wasu suka ce iska ce.

Malamin Hausarmu ya ce a kira shi "rashin cin abinci". Ban yarda ba. Wannan ai zazzaɓi ma yana sa shi, kuma uwa na jin haka kyamis za ta nufa ta sayo maganin buɗe ciki, ko ma sha-ka-fashe. Ita kanta kalmar likitocin tana da wannan rauni: daga Girkanci take, ma'anarta rashin sha'awar abinci, likita William Gull na Ingila ya raɗa wa ciwon ita a 1873. Amma yarinyar nan ta ce min, "Gwaggo, wallahi yunwa nake ji, tsoro ne ke hana ni."

Wata ta kawo "ƙin ci". Gajere ne, sai dai ya yi kama da ƙin ji, zai ɗora mata laifi. "Taɓin hankali" kuwa, ko da yake likitocin ƙwaƙwalwa ne ke duba wannan ciwon, kuma yana kisa, uba na jin wannan sunan, asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ne zai faɗo masa, ya ɓoye 'yarsa kada ta rasa miji.

Ni na tsaya a kan "ciwon tsoron ƙiba". Ciwo, don a daina cewa iyayi ne. Tsoro, don shi ne ke riƙe mata hannu daga kwano.

Abin da aka yi mata kuma ba zan kira shi zolaya ba, ya fi ƙarfin haka. "Gorin jiki" zan ce, kamar gorin haihuwa, kuma ya haɗa har da siririyar da ake kira tsinke.

Mutanen Gumel da Haɗeja, in tsofaffinku suna da wani suna, ku turo min kafin Asabar.