Shekara shida ina ma parti aiki a unguwa, yanzu mi zan yi da wannan kaye?

Ɗan Garkawa:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya amma ku yi haƙuri in fara da labari don ku gane inda na dosa. Ni ɗan Tawa ne, tela ne ni, shagona na nan cikin unguwarmu. Tun 2015 na shiga aikin parti, ba zan faɗi sunanta ba don ba shi ya kawo ni ba, kuma ban taɓa riƙe komi ba in ba sakataren komitin unguwa ba, wanda kun san ba albashi gare shi ba. Aikina ɗaukar kujeru ranar mitin, kafa rumfa, bin gida gida ina shaida ma mutane, wani lokaci in rufe shago yini guda ana gab da salla ɗinki na jirana, isansin moto ma daga aljihuna yake fita.

Da CENI, hukumar zaɓe, ta kawo rajistar kartin zaɓe na biyometirik na sayi kaye na lakwal mai shafi 200 na fara rubuta gidajen layinmu da na bayanmu, sunan mai gida, mata nawa, wa ya kai shekara 18, wa ke cin rani Abijan ko Libiya, wa bai da takardar haihuwa, wace tsohuwa ce ba ta iya tafiya sai an ɗauko ta bisa moto. Gida 143 na rubuta da hannuna. Munka yi zaɓen kananan hukumomi 13 ga Disamba 2020, na ƴan majalisa da shugaban ƙasa 27 ga wata, zagaye na biyu 21 ga Fabrairu 2021, duk ina tsaye. Abin da na samu a ciki ban ƙirga shi da kuɗi ba, amma abin da na rasa shi ke damuna, ɗan baffana da munka tashi ɗaki guda yana wata parti, munka yi musu a fada har ta kai ga baƙar magana, yau shekaru ke nan daga sannu sai sannu, ranar sunan ɗiyata ma matarsa ba ta zo ba.

To yanzu kun ga yadda abubuwa sunka tafi, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 anka dakatar da harkokin jam'iyyu, Afrilun 2024 anka rusa majalisun komin, Maris ɗin 2025 kuma jam'iyyun kansu anka rusa su. Jiya ina neman almakashi na ci karo da kayen nan ƙarƙashin yadi, na zauna ina buɗawa har shayi ya huce. Tambayata, duk wannan wahalar banza ce na yi? Kayen in ƙone shi ko in aje? Kuma samarin fadarmu suna tambayata in siyasa ta dawo su shiga ko su yi nesa, wallahi ban san mi zan ce musu ba.

Ƴar Wadata:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka ƙone, amma akwai abu guda da zan tambaye ka, a cikin kayen ka rubuta wa ke tare da ku wa ke tare da waɗancan? In ka rubuta to wannan layin ka sa reza ka yanke shi yau ɗin nan, don sirrin mutane ne, sun faɗa maka ne don sun yarda da kai kuma ba ka san hannun da takarda za ta faɗa ba wata rana.

Ni na riƙe matan unguwa wajen shekara goma, mu ne masu dafa shinkafa ranar mitin, mu ne masu anko da zanen parti, mu ne masu guɗa in manya sun iso, in an zo jera sunaye a liste kuma sai ka ga an tura mace can ƙasa inda ko an ci kujera biyar ba za a kai gare ta ba. Dokar kaso ta mata tun 2000 take, da kashi 10 ta fara, ta koma 15 a 2014, a 2019 ta kai 25 cikin ɗari, kuma da ba don ita ba na tabbata da yawa cikin matan da sunka zama konsaye, ƴan majalisar komin, ko ƙofar meri ba za su gani ba. Wannan kuwa wahalar irinmu ce ta kawo shi, don haka ni ban yarda a ce banza ba ce. Parti ta tafi amma adashen da munka kafa don sayen zanen anko har yau yana nan, mata 32, jaka guda guda duk Juma'a, kuma yanzu har matan da da can ba mu shiri sun shigo. Wadda ta kwashi na watan jiya injin markaɗe ta saya.

Maganar ɗan baffanka kuwa, kai ne za ka tafi. Kar ka tsaya lissafin wa ya fara.

Ɗan cin rani Abijan:

Yaya ni gaskiya ra'ayina daban, kuma ka yi haƙuri in na faɗi da zafi. Na yi irin aikinka a wani gari wajen Keita kafin in fito, na manna hotuna da koko har hannuna ya yi kanta, ranar da anka ci zaɓe wanda munka yi ma wahala ya canza lambar salula. Na je gidansa sau uku neman ya sa baki a gyara mana rijiya guda ɗaya tak, kullum yana Yamai. Talakawa kuma an saba musu da sabulu da sukari da jaka biyu ranar jajibiri, in ka zo musu da maganar magudanar ruwa ko kalas ɗin zana sai su ce to mi ka kawo mana. Ka ce ma samarin su koyi sana'a, kai da kake da keken ɗinki ka fi konsaye goma amfani a unguwa. Ni dai na bar ta har abada.

Tsohon malamin lakwal:

Ɗana Ɗan Garkawa, sannu da ƙoƙari, Allah shi yi maka albarka. Ɗana na Abijan ma bai yi ƙarya ba, abin da ya faɗa na gan shi da idona, sai dai ban kai inda ya kai ba.

Ni shekaruna sun ba ni damar ganin wannan abu yana zuwa yana komawa. Ina yaro na ji iyayenmu suna labarin Sawaba ta Djibo Bakary da RDA ta Diori Hamani, yadda gida guda ke rabuwa biyu har a daina cin tuwo tare, anka haramta Sawaba a 1959 amma gabar ta daɗe a zukata fiye da jam'iyyar. Zamanin Kountché ba parti ko guda, samariya ce ke aiki, mu ne munka yi sharar gari da ginin kalas da gayya. Sannan MNSD ta zo a 1989 ita kaɗai, anka yi babban taron ƙasa a 1991, jam'iyyu sunka yi yawa, 1993 Mahamane Ousmane ya ci zaɓe. Nan Adar kowa ya san PNDS ta yi ƙarfi tun da Mahamadou Issoufou ɗan Dandaji ne ta wajen Illela, amma ba a taɓa rasa masu wata parti a kowace unguwa ba, kuma su ma ƴan gida ne. A duk waɗannan sauye sauyen abin da na lura, wanda ya san gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya ba ya rasa aiki, sunan da ake kiran aikin ne ke canzawa.

Inda nake ganin ku matasa kunka yi kuskure, kuma laifinmu ne mu manya da ba mu koya muku ba, kun ɗauka aikin yana ƙarewa ranar da anka ƙirga ƙuri'a. Zaɓen da ya fara kafa majalisun komin a duk ƙasa a Yulin 2004 anka yi shi, komin 265 a lokacin, kuma ma'anarsa ita ce kuɗin lanho da na kasuwa da na tasha a riƙa yanke shawararsu kusa da masu biya. Kafin a rusa majalisun, ku kuna zaɓen liste, konsaye su ne ke zaɓen magajin gari a tsakaninsu, su ne ke amincewa da bije na shekara, sarakuna na zama a ciki su ba da shawara amma ba su jefa ƙuri'a. Tawa ma da take da matsayin birni an raba ta gunduma biyu. To a cikin ku masu ɗaukar kujeru mutum nawa ya taɓa zuwa ya zauna ya saurari zaman majalisar, alhali ƙofa a buɗe take ga jama'a? Ni na je sau da dama bayan na yi ritaya, mafi yawan lokuta ni kaɗai ne ba konsaye ba a ɗakin. Wanda kunka zaɓa in ya san ba mai zuwa ya ji abin da ya ce, dole ya canza lamba.

Yanzu AD, wato kantoma, shi ne gwamnati ta naɗa a madadin magajin gari, kuma tunda an rusa jam'iyyu kar ka tara kowa da sunan parti, wannan ka kiyaye. Amma mai unguwa na nan, meri na nan, ofishin etasibil mai rajistar haihuwa na aiki. Ka buɗe kayenka wajen waɗanda ka rubuta ba su da takardar haihuwa. Na yi shekara talatin da wani abu ina koyarwa, kuma ba abin da ke ƙona mini rai kamar yaro mai ƙoƙari ya kai ajin jarabawa a ce ba takarda, uban yana Kamaru ko Libiya, uwar ba ta san inda za ta dosa ba. Doka ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa, in ya wuce sai an bi ta wurin alƙali, shi ya sa ake odiyans foren lokaci lokaci, wato alƙali ya fito cikin jama'a a yi ma marasa takarda. Wa ya fi ka sanin gidajen da za a ƙwanƙwasa in an zo?

Samari kuma ka ce musu in lokacin ya zo su shiga in suna so, amma da sana'arsu a hannu, kuma kar su zagi wanda za su haɗu da shi a makabarta.

Mai kabu-kabu 2:

Baba malam ya gama magana. Ni abu guda zan ƙara don na yi delege a biron zaɓe ranar 13 ga Disamba ɗin nan da kake faɗi, a wata lakwal, tun da safe cikin ɗari har dare ban ci komi ba sai biredi da ruwan leda. Da anka rufe anka zazzage akwati bisa tabur, kuran ba ta kai kalas ɗin ba sai fitila da hasken salula, ana ɗaga ƙuri'a ɗaya ɗaya kowa na gani ana ja ma ta layi a allo. Delegen wata parti da ke zaune kusa da ni tun safe muna harare harare, da bik ɗina ya ƙare shi ya miƙo mini nashi na sa hannu a PV, takardar sakamakon ƙirga, munka fito tare na kai shi gida bisa moto ban karɓi ko dala ba. Mun sha kashi a wannan biron da ƙuri'a 19 kuma na san 19 ɗin gaskiya ce don a gabana anka ƙirga. Wannan daren ni ban ɗauke shi banza ba ko da ba a sake kirana ba har yau.

Ɗan cin rani Abijan:

Baba na ji, kuma gaskiya ban taɓa sanin ana iya shiga a saurari zaman konsaye ba, ba wanda ya taɓa faɗa mana. Amma ina nan kan bakana game da sabulu da sukari. Yaya Ɗan Garkawa in za ku yi maganar takardun nan ka sa da yaran ƴan cin rani a gaba, ni kaina ina da biyu a gida da ban tabbata an yi musu ba, zan kira uwarsu yau in tambaya.

Ɗan Garkawa:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah shi saka da alheri. Yaya ta Wadata kin canka, akwai layin, da jan bik nake sa alama gaban sunan wanda ba namu ba, har da gidan baffana. Da na gani jikina ya yi sanyi. Na yanke shi daren jiya shafi bayan shafi na sa a murhun shayi.

Baba malam na ƙirga, a 2020 mutum 58 na rubuta ba takarda, manya ne kawai don su nake nema a lokacin, yara ko tambaya ban yi ba, kuma wannan ya ba ni kunya. Na yi magana da mai unguwa bayan la'asar ya ce in sake zagayawa in kawo mishi sunayen yaran, shi zai kai meri ya ji yadda za a yi. Matsalar ita ce layin bayan masallaci kusan duk mutanen ɗan baffana ne, in na shiga ni kaɗai da kaye a hannu za su ce siyasa ce ta dawo, ba mai buɗe mini baki. Don haka na aika ƙaramin ƙanena ya shaida mishi ina zuwa gidansa Juma'a bayan an sauko, ya ce a ce mini yana nan. Yaya in kin san yadda kunka shawo kan matan da ba ku shiri har sunka shiga adashen ki rubuto mini kafin Juma'ar, don ban san da wace kalma zan fara ba.