Muhawara: Uba yana da gurbi a ƙungiyar 'yan mata?

Maman Zainab: Assalamu alaikum iyaye. Na ga sanarwar kwamiti cewa ranar 22 ga Fabrairu za a karrama Baban Hauwa'u a matsayin wanda ya fi kowa yi wa ƙungiyar Girl Guides ta makarantarmu hidima. Mutumin kirki ne, ba ni da wani abu da shi. Amma ban yarda ba. Ƙungiyar 'yan mata ce, mata ke riƙe da ita. Namiji ba shi da gurbi a ciki, balle har a kira shi gaba a ba shi lambar yabo.

Baban Fadila: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki tuna da sansanin bara mana. Tun da aka kwashe ɗalibai mata a Jangebe a Fabrairun 2021, wace uwa ce a cikinmu ta yarda 'yarta ta kwana a waje? Ba don shi da wasu iyaye maza uku sun kwana zaune a bakin ƙofa ba, da ba a yi sansanin ba. Motarsa ya kawo, man ma daga aljihunsa, shi ya kafa rumfuna, shi ya yi ta jigilar ruwa a jarkoki.

Maman Zainab: Allah ya saka masa. Amma gadi daban, shiga ƙungiya daban.

Anti Shugaba: Bari in sa baki, tunda ni ke tare da yaran kowace Asabar. Hajiya tana da hujja a tarihi. A 1909 wasu 'yan mata suka kutsa taron 'yan sikawut a Landan suka ce su ma a yi da su. Baden-Powell, wanda ya kafa ƙungiyar sikawut, bai zuba su cikin maza ba, sai ya damƙa al'amarinsu a hannun ƙanwarsa Agnes a 1910, don su samu wurinsu na kansu. A haka ƙungiyar ta iso Legas a 1919, kuma mata irin su Oyinkan Abayomi ne suka raine ta a ƙasar nan. Ranar 22 ga Fabrairun ma ranar haihuwar shi Baden-Powell ce da matarsa Olave. Sai dai ban san inda aka haramta wa uba taimako ba. A Amurka maza na yin aikin sa kai a ƙungiyar 'yan matansu, da sharaɗin kowane rukuni ya kasance da manya biyu waɗanda ba dangin juna ba, kuma aƙalla ɗaya mace ce. Mu ma ba mu taɓa barin namiji shi kaɗai da yara ba, ko na minti ɗaya.

Malam na Islamiyya: Ba sai mun je Amurka ba, Malama. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausar magana kan mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma da kansa ya karantar da nasa. Daga wannan tarbiyya Nana Asma'u ta fito. Amma ku lura, da ta kafa 'Yan Taru, ƙungiyar karantar da mata, mata ta naɗa jajoji su ja ragamar mata 'yan uwansu zuwa ƙauyuka. Kuma ba ta bar su haka ba, malfa take ɗora wa jaji a ka, a ɗaura mata jan ƙyalle, kowa ya gan ta ya san an girmama ta. Uba ya tsaya wa 'yarsa, mace ta jagoranci mata, mai hidima kuma a nuna shi a idon jama'a.

Maman Zainab: Yauwa Malam, ka kawo ni inda nake so. Wa aka ɗora wa malfa? Mai tafiya ƙauye-ƙauye shekara da shekaru. To mu a nan, Anti mai koya wa yara ɗinki da taimakon gaggawa shekararta goma sha biyu tana zuwa. Kuɗin adaidaita ma ba a ba ta. Da cikin autanta ta riƙa zuwa, da goyo ta riƙa zuwa. Ko takardar godiya ɗaya an taɓa miƙa mata? Namiji ya yi kwana uku a sansani, mun tashi za mu buga masa allo. Don aikin mace mun saba ganinsa ne, ya zama kamar iska, ba mai lura da shi sai ranar da ya tsaya. Abin da ya tsaya mini a rai ke nan.

Baban Fadila: Wannan kam ba ni da ta cewa, Hajiya. Amma kada gyaran wani kuskure ya kore mu. In aka nuna wa iyaye maza ba a son su, gobe ba wanda zai fito.

Baban Hauwa'u: Na yi shiru ne don magana a kaina ake. Ni ban nemi komai ba, a nan na fara jin labarin. Yarinyar nan 'yar farina ce. Kun san alkunyarmu, ko sunanta ba na iya kira a gaban mutane. Shekara goma sha huɗu muna gida ɗaya ban san tana iya tsayawa gaban jama'a ta yi bayani ba, sai a sansanin nan, ina daga bakin ƙofa na ji muryarta tana koya wa ƙannenta yadda ake ɗaure rauni. Wannan ya ishe ni lada. Ina roƙon kwamiti a ba Anti lambar, ta fi ni cancanta nesa ba kusa ba. Amma Hajiya, don Allah kada a rufe mana ƙofa.

Maman Zainab: Na gode Alhaji, Allah ya raya Hauwa'u. Mota, ruwa, gadi, gyaran rumfa, na amince. Zaman Asabar kuwa ina nan kan bakana. A nan yarinya ke tambaya kan al'adarta da abin da ba za ta iya faɗa a gida ba. In ta hango uban ƙawarta a ɗakin, bakinta ya mutu.

Anti Shugaba: Zaman Asabar na mata ne, haka zai ci gaba. Batun lamba zan kai wa kwamiti ranar Laraba. Kafin nan, kekunan ɗinkinmu biyu sun lalace tun zangon da ya wuce. Akwai uban da zai ɗauka ya kai wa mai gyara?

Baban Fadila: Zan zo gobe bayan la'asar, in sha Allah. A ajiye mini su wurin maigadi.